Duro Uku na Fetur a Gidan Filibus

Damaris ta daɗe tana toya masa a ƙofar gidansu da ke Rido. Tun kafin rana ta ɗaga take hura gawayi, ta ɗora tanda, tukunyar kunun gyaɗa na gefe, 'yan keke napep da masu sammakon zuwa aiki cikin gari su tsaya su karya. Daga bencin da suke zama ana hango dogayen bututun matatar mai, waɗanda suka jima ba su fitar da hayaƙi ba. Ba mai ɗaga kai ya dube su sai baƙo.

Mijinta Filibus tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da aka rufe masaƙar ya koma noma, yana hawa babur zuwa gonarsa ta hanyar Kujama. Ba ya shan giya, ba ya faɗa, aibinsa ɗaya rediyo. Da ita yake kwana, da ita yake tashi, in batir ya mutu ya koma kan waya. Babu ƙasar da za a yi juyin mulki ko a karya darajar kuɗi Filibus bai sani ba kafin ya wanke baki. Damaris ta saba. Tana ɗaukar abin kamar tarin da yake yi da asuba, ƙara ce kawai da ba ta cutar kowa.

Akwai dai wani abu da ke cin ransa tun lokacin da aka cire tallafin mai. Ana gobe za a sanar, ya wuce ta gaban gidan mai, tankin babur ɗinsa ya kusa bushewa, ya ga ɗan layi, ya ce sai gobe. Kafin ya koma farashi ya kusa ninka uku. Ya ba da labarin nan a coci, ya bayar a wajen biki, ya bayar a wajen makoki. "Ni da nake bin labarai," yakan ce yana dukan ƙirji, "ni aka yi wa haka."

A farkon damina, shekarar da Isra'ila da Iran suka shiga harbin juna da makamai masu linzami, Filibus ya daina sammakon gona. Sai ya jawo kujera kusa da bencin masu karyawa, rediyo a cinya. Wata safiya ya miƙa hannu ya zare tsinken da Damaris ke juya masa da shi, ya durƙusa ya fara zane a ƙasa.

"Ga Iran nan. Ga ƙasashen Larabawa nan. Wannan ɗan siririn ruwan da ke tsakaninsu shi ne mashigin Hormuz. Ta nan jiragen ruwa ke fito da ɗanyen mai zuwa duniya. In aka toshe nan, an gama. Ku da kekunanku sai dai ku mayar da su kejin kaji."

"Baban Mary, ba ni tsinkena, masa na ƙonewa."

Benson, shugaban 'yan keke na tashar unguwar, ya kurɓi kunu ya ce, "Baba, mu da muke da namu man, ina ruwanmu da ruwan Larabawa?"

"Naku? Ko a rijiyar gidanku aka haƙo shi, da farashin duniya za a sayar maka. Tunda gwamnati ta zare hannu, in ɗan Tehran ya yi tari kai za ka biya kuɗin magani."

Sai da masa huɗu suka ƙone kafin ya dawo mata da tsinken, duk ƙasa.

Ba a yi kwana nawa ba, Damaris ta dawo daga niƙa da yamma ta tarar da akori-kura a ƙofar gida. Jethro ne, ƙanin Filibus, wanda ke jigilar yashi da bulo, shi da wasu majiya ƙarfi biyu suna gangaro da duro a kan katako. Tun daga nesa wari ya gaya mata abin da ke ciki. Biyu sun riga sun shige ɗakin 'yarsu Mary, wanda ba kowa a ciki tun da ta yi aure ta koma Trikania. Na uku ne ke kan hanya.

Ta sauke bokitin ƙullu a hankali. "Mene ne wannan?"

"Matar yaya, sannu da dawowa," in ji Jethro yana share gumi. "Arziki ne muka kawo miki har gida."

Ba ta kula shi ba. Ta dubi gindin mangwaro inda babur ke tsayawa, ta ga wayam.

"Baban Mary, ina babur?"

"Na sayar."

"Ka sayar da babur ka sayi fetur."

"Ƙwarai."

"To me zai sha fetur ɗin? Kai?"

Filibus ya yi dariyar wanda ake yi wa tambayar yara. Ya ce in aka rufe mashigin nan, kafin sati biyu zai sayi babur sabo fil, ya sauya kwanon rufi, ya saya mata injin niƙa nata na kanta. Jethro ya ciro waya ya nuna mata wani mutum sanye da kwat yana nuna taswira da sanda, ya ce ai masana na duniya sun gama lissafi.

Sai da aka tura duro na uku ɗaki, aka rufe ƙofa, Filibus ya gyara murya.

"Abu ɗaya ne, Maman Mary. Daga yau ba a kunna wuta a gidan nan."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Ba murhu, ba risho, ba ashana. Igiyar leƙo ta sauro ma kar a kunna. Gawayin ƙofar gida ma ya yi kusa da tagar ɗakin. Na ɗan lokaci ne."

"Sana'ata fa? Da miyau zan toya masar?"

"Ki yi haƙuri. Duniya ce ta zo da haka."

Ta tsaya tana kallonsa, ƙullu na kumbura a bokiti. Abin da ya fi ba ta haushi, dokar tasa gaskiya ce. Ko ita ba za ta yarda ta ƙyasta ashana kusa da ɗakin nan ba.

Washegari ta kwashi tanda da tukwane ta tsallaka titi zuwa gidan maƙwabciyarta Hafsat, matar wani tela. Tun kafin rikice-rikicen da suka raba unguwannin Kaduna suke maƙwabtaka, ba wadda ta tashi. Hafsat ta saurari labarin tana riƙe da haɓa, sannan ta share mata gefen zaure.

"Maman Mary, ki toya a nan. Amma wallahi ni ma ban yi barci ba jiya. Ina jin warin har kan gadona."

Haka rayuwa ta koma. Damaris ta dafa tuwo a gidan mutane, ta ɗauko a kai ta tsallako titi, in ruwan sama ya kama ta miya ta tsinke. Ruwan wanka mai sanyi. Sauro ya yi musu dandazo. Warin fetur ya shiga katifa, ya shiga kayan zuwa coci, ya shiga garin masara. Wata rana wani ɗan keke ya ɗanɗana masa ya ce, "Mama, yau da wane irin mai kika yi?" Sauran suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Kanta kuwa tun da aka kawo durorin bai daina sara ba.

Sai ga farashi ya ɗan motsa a gidajen mai. Ba wani abin a zo a gani ba, amma Filibus ya shigo gida kamar wanda ya ci zaɓe. Ya buɗe ɗakin Mary, ya shafa durorin ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gani? Somin-taɓi ne wannan."

"To sayar, tunda ya tashi."

"Yanzu? Ai sai an rufe mashigi tukuna."

"Masarar gona fa? Ciyawa ta kusa shanye ta."

"Masara ba ta gudu."

Ba a rufe mashigin ba. Wata safiya rediyo ta ce an tsagaita wuta, ɗanyen mai ya faɗo a kasuwar duniya. Filibus ya canza tasha, can ma haka aka faɗa. Ya jijjiga rediyon, ya ciro batir ya lasa ya mayar. Labarin bai canza ba. Ranar ko kunu bai sha ba.

Ranar Lahadi fasto ya ce a tashi a gode wa Allah da ya kwantar da yaƙin nan, a roƙa wa matan da suka rasa maza da yaran da suka kwana a ramin ɓuya. Coci ya ɗauka da amin. Damaris na ɓangaren zumuntar mata, ta buɗe ido ɗaya ta hango mijinta a layin dattawa. Bakinsa a rufe gam.

Ta bari sai da suka fito suka rabu da jama'a.

"Na gan ka."

"Kin ga me?"

"Ba ka ce amin ba. Ana gode wa Allah an daina kashe mutane, kai dattijon coci ka yi gum saboda duro uku."

"Ni ban ce a kashe kowa ba. Ruwa kawai na ce a rufe."

"Da me ake rufe shi? Da marfin tukunya?"

Suka ci gaba da tafiya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Irin wannan sulhun ba ya daɗewa."

Damaris ta ja tsaki mai tsawo, har wata mata da ke gabansu ta waiwayo.

Farashi ya koma inda yake, ya ma ɗan gangara. Jethro ya daina ɗaga waya. Unguwa kuwa haƙurinta ya ƙare. Mai unguwa ya zo da kansa, tare da mijin Hafsat da wani malamin firamare da katangarsa ke manne da ɗakin Mary. Suka ƙi shiga, suka tsaya a gindin mangwaro.

"Malam Filibus," in ji mai unguwa, "ba mu zo faɗa ba. Amma mutane sun daina soya ƙwai a layin nan. Jiya yaro ya kunna ashana uwarsa ta kusa karya shi. Ko ka sayar, ko ka fitar da shi daga cikin gidaje. In ba haka ba ni ma sama da ni akwai wasu."

Damaris ta ji sanyi a ranta, ta ce to yau dai an zo ƙarshe. Ashe Filibus rabin maganar ya ɗauka. Can bayan unguwa, kusa da fadama, yana da wani kango da ya fara ginawa tun yana masaƙa, bulo ya kai taga aka tsaya, ba rufi ba ƙofa. Nan ya sa aka gangara da durorin, ya lulluɓe su da tsohon tamfol, ya danne da duwatsu. Ya kai tabarma da lema, ya koma gadi. Tun safe yana can har magariba, rediyo a kunne, yana jiran Iran ta canza shawara.

Wuta dai ta dawo gida, amma mai gidan ya ƙaura kango. Ga damina ta kankama, ruwa yau ruwa gobe. Damaris ta kai masa abinci sau ɗaya, ta same shi tsugune ƙarƙashin lema, ruwa ya taru a kan tamfol kamar tafki, ƙafafunsa cikin taɓo.

"Baban Mary, dubi kanka. Jikoki gare ka."

"An ce jiragen yaƙi na komawa yankin."

"Wa ya ce?"

"An ce."

Ta ajiye kwanon a kan bulo. "Ka ji ni da kyau. Gobe zan tafi Trikania wurin Mary. Ranar da babu ɗigon fetur ko ɗaya da sunanka a Rido, ka kira ni."

Bai yarda za ta tafi ba sai da ya dawo washegari ya ga tanda a kife, ƙofar kicin da kwaɗo.

A Trikania ma ba ta huta ba. Mary na aiki a wani shagon magani, mijinta na koyarwa, gidan ɗaki biyu ne da yara uku. Damaris ta kwana a falo, ta tashi da asuba kamar yadda ta saba, ta rasa abin yi da hannunta. Ta wanke abin da aka riga aka wanke. Ta yi faɗa da jikoki kan takalma. In ta ji maƙwabci ya kunna labarai sai ta tashi ta rufe taga.

"Mama, ki kira shi mana," in ji Mary. "Kin san Baba ko shayi bai iya haɗawa ba."

"Ya sha fetur."

Tana can har Lahadi ta zagayo ta wuce. Ranar wata Laraba da hantsi wayarta ta yi ƙara, Hafsat ce.

"Maman Mary, kina ina? Ki zo yanzu."

Damaris ta miƙe tsaye. "Gobara?"

"A'a, ba gobara ba. Ni dai ban san sunan wannan ba. Ki zo ki gani."

Ta sha wuya kafin ta sami abin hawa. Da ta sauka a bakin titin Rido ba keke ko ɗaya a tasha, sai mutane tsaye suna jira suna mita. Ta taka da ƙafa. Tun daga kwanar layinsu ta hango su: kekuna a jere tun daga ƙofar gidanta har gaban shagon tela, wani na turo nasa daga can ƙasa, gumi na zuba. Direbobin sun yi da'ira a gindin mangwaro, kowa na magana lokaci ɗaya. A tsakiya Filibus ne zaune kan kujera, ya rame, gemu ya fito fari-fari, rigar da ta bar shi da ita ce a jikinsa.

Benson ya hango ta ya fito daga cikin taron.

"Mama, gara da kika zo. Don darajarki ne kawai ba a taɓa shi ba."

"Me ya yi?"

Benson ya ba ta labari. Jiya da yamma Baba ya zo tasha da kansa, ya ce ya gaji, zai sayar da man ƙasa da na gidan mai, ƙasa da na 'yan bumburutu. 'Yan keke suka yi murna. Da sassafe suka yi layi a kango, ya zura tiyo har gindin duro yana zuƙowa yana cika musu. Wanda ya fi nisa a cikinsu bai wuce gadar jirgin ƙasa ba. Ashe ruwan saman da ya yi ta taruwa a kan durorin ya bi ta marfi ya shiga, ya kwanta a ƙasa, shi tiyon ya fara jawowa.

"Ruwa ya sayar mana, Mama. Ni da fasinja huɗu, har da mai zuwa awo asibiti, keke ya mutu a tsakiyar titi."

Wani matashi ya ɗaga gorar roba sama don ta gani. Rabin sama ja-ja, rabin ƙasa fari tas.

Damaris ta ratsa taron ta tsaya a gaban mijinta. Duk maganganun da ta tanada a falon Mary suna bakinta. Ya ɗago ya dube ta, ya buɗe baki zai yi magana, sai tari ya sarƙe shi, ya yi gyatsa. Warin da ya bugi fuskarta ya sa ta ja da baya.

"Baban Mary, me ka sha?"

"Ba komai. Wajen zuƙo tiyon ne ɗan kaɗan ya wuce."

"Kaɗan nawa?"

"Sau biyu. Ko uku."

Ta taɓa goshinsa, zafi rau. Numfashinsa na fita da ƙyar kamar an danne ƙirjin. Sai ta manta da jawabin gaba ɗaya.

"Benson! A kawo keke, asibiti za mu."

Benson ya dubi layin kekunan, ya dube ta. Sauran ma suka juya suka dubi layin. 

"Duk unguwar nan babu guda mai tafiya?"

"Mama, duk mun saya."

Wani ya ce a ɗura masa manja, wani ya ce madara, wani ya ce a sa masa yatsa a maƙogwaro. Hafsat ta daka musu tsawa ta ce ba wanda zai ba shi komai sai likita ya gani. Bakanike na can ƙarshen layi ya kwance kafiretan keken Benson yana hurawa. Benson ya ruga ya tsaya a kansa, suka zubar da abin da ke tankin, mijin Hafsat ya tsiyayo man janaretan shagonsa ya kawo a galan. Keken ya yi tari, ya mutu, ya sake yi, yara huɗu suka tura shi da gudu har ya kama. Mutanen da ɗazu suke neman cin kwalar Filibus su suka ɗauke shi cak suka sa a baya.

A hanya kansa na kan kafaɗarta. Keken na tafiya yana shaƙewa, Benson na zaginsa ƙasa-ƙasa.

"Maman Mary," in ji Filibus, "da an rufe mashigin nan..."

"In ka sake kiran sunan ruwan nan, zan sauke ka a nan in koma Trikania."

Ya rufe ido har suka isa.

A asibitin aka sa masa abin shaƙar iska, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar, wata yarinya da ba ta fi Mary ba, ta ce ya yi sa'a, kaɗan ne ya taɓa huhu, amma sai ya kwana biyu suna dubawa. Ta tambayi yadda aka yi dattijo kamar wannan ya sha fetur. Damaris ta buɗe baki, ta ga labarin ya yi tsawo, kuma daga Iran zai fara. Ta ce, "'Yata, rubuta tsautsayi kawai."

Da Mary ta iso asibitin, Damaris ta bar ta a wurinsa ta koma Rido kafin la'asar, don kekunan na nan inda ta bar su, masu su kuma ba wanda ya yi aikin sisi ranar. Ta buɗe kicin ta ɗora babbar tukunyar biki, ta dafa shinkafa da wake, Hafsat ta soya manja da albasa. Suka ci a gindin mangwaro, bakanike na bin kekunan ɗaya bayan ɗaya. Da ciki ya ɗauka murya ta sauka. Nan aka yi sulhu, mai unguwa na zaune: a tsiyaye na saman durorin a hankali, mai kyaun a cika wa duk wanda abin ya shafa har ya huce asarar yininsa, bakanike ya ɗebi ladansa a ciki. Aka aika wa Jethro ya zo da mota a kwashe durorin, ya ce yana Kafanchan. Wani yaro ya ce yanzu ya gan shi a Sabon Tasha yana cin tsire.

Kwana biyu ana wannan aiki. Abin da ya rage bayan an sallami kowa bai cika jarka biyu ba, shi ma Damaris ta ce kar ya kwana a unguwar. Malamin firamare ya saya don janaretan makaranta. Durorin kuwa wani mai walda ya ɗauka, bayan ya cika su da ruwa da omo ya bar su a rana.

Ranar da aka sallami Filibus, Benson ne ya je ɗauko su, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Da suka shigo layi mutane suka fito ana yi masa sannu, wasu na danne dariya. Wata tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ce, "Sannu Malam Filibus, ashe yaƙin har nan ya iso." Ya amsa da kai.

A cikin gida ya zauna bakin gado. Damaris na ninke kayan da ta dawo da su daga Trikania.

"Maman Mary."

"Ina ji."

"Ba don kaina na yi ba. Na ga kullum mu ake yi wa. A ƙara, mu biya. A cire, mu biya. Na ce sau ɗaya dai in riga su."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta san gaskiya ya faɗa, kuma hakan bai rage mata haushi ko kaɗan ba.

"Na ji. Tashi ka cire rigar nan, ƙona ta zan yi. Ruwan wanka na bayi, da zafinsa. In ka fito akwai maganin da likita ta ce ka sha kafin abinci, kuma ɗaci gare shi, kar in ji ƙorafi."

Ya tashi a hankali yana dafa bango. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Wane sabulu zan ɗauka?"

"Duka biyun," in ji Damaris.